Ku Tambayi Baba Duba-gari: Daga Tiga Zuwa Bakin Randa

Assalamu alaikum, masu karatu. Bazara ta kankama, don haka ban yi mamaki ba da na buɗe jakar saƙonninku na tarar kusan duk maganar ruwa ce. Tambayoyin sauro da na bola na ajiye su sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Roƙona ɗaya, mai aiko da tambaya ya riƙa faɗin unguwarsu ko da ba zai faɗi sunansa ba, don abin da ke damun rijiya a cikin Birni daban yake da abin da ke damunta a Sharaɗa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Mu takwas ne a gida. Kullum muna sayen jarka shida a wajen 'yan garuwa, kowace N150, ran da babu wuta har N200 suke cewa. Ruwan bohol ne, fari tas, ba wari ba ɗanɗano. Amma ƙananan yarana biyu ba sa rabuwa da gudawa. Maigida ya ce haƙori ne, surukata ta ce a karɓo rubutu. Ni kuwa zuciyata tana kan ruwan nan. Ruwa mai haske haka zai iya sa ciwo? *Uwargida, Kurna*

Amsa: 'Yata, ki riƙe abin da zuciyarki ta gaya miki. Haƙori ba ya sa yaro irin gudawar da ake wuni ana wankin zani. Abin da ke faruwa shi ne fitar haƙori tana zuwa daidai da lokacin rarrafe, lokacin da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki, kuma lokacin ne ake fara ɗura masa ruwa da koko. Sai haƙori ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Rubutu kuwa ba ni da ja a kansa, sai dai ki lura da ruwan da za a wanke allon da shi.

A zaure an karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, kuma daidai yake a muhallinsa. Amma ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari, ido ba ya ganinsu. Ruwa zai iya halatta a yi alwala da shi, a sha kuma ya kwantar da gida guda. Lokacin da nake yawon duba gidaje a nan aka fi yi min gardama. A ɗebo ruwa a kofin silba, a ɗaga shi sama, a ce, "Malam, duba da idonka." Ni kuwa ba idona ne ma'auni ba.

Bohol in an haƙa shi yadda ya kamata, sau da yawa ruwan da ke fitowa daga ƙasa lafiyarsa ƙalau. Ki bi shi a hanya ki gani. Daga ƙasa ya hau tankin da mai shi ya manta rabon da ya wanke, murfi a karkace, ƙadangaru na shiga suna fita. Daga tanki ya bi tiyon da ke kwance cikin caɓalin ƙafafun mutane. Daga tiyo ya shiga jarka, wadda asalinta ta mai ce. Ki haska cikinta da fitilar waya wata rana, za ki ga gansakuka. Murfinta ya ɓata an cusa leda. Sannan a juye a randa ko baho. A can ƙarshe ga moɗa tana jira, ita ce ma ta fi kowa ɓarna: yaro ya fito daga bayi bai wanke hannu da sabulu ba, ya tsoma moɗa har wuyan hannu, ya sha, ya ajiye ta a ƙasa, wani ya ɗauka ya mayar.

Ba duka jarka shidan za ki gyara ba. Na wanki da wanka a bar su yadda suke. Ki ware guda ɗaya ta sha, ki sayi taki sabuwa, ki ɗaura mata ƙyalle a hannu don a gane ta, ita za a riƙa cika miki. Sannan ki zaɓi abin da aljihu zai ɗauka. Tafasawa ta fi komai tabbas: in ya tafasa sosai yana juyawa, a bar shi minti ɗaya a sauke. Na san kuɗin gas da gawayi, ban ce ki tafasa wa mutum takwas ba, amma tukunyar yaran nan biyu ba za ta gagara ba, a ɗora ta bayan an sauke tuwo kafin garwashi ya mutu. Akwai kuma kulorin na gyaran ruwan sha da ake samu a kyamis, na ruwa da na ƙwaya. A bi awon da aka rubuta a jiki, a jira rabin awa kafin a sha. Wanda ba shi da ko sisi yana da rana: a cika farar robar lemo marar launi da ruwa mai haske, a kwantar da ita a kan kwano ta sha rana awa shida, in da hadari ko hazo a bar ta kwana biyu. In ruwan ya zo da laka, a fara sa alif ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, a tsiyaye. Amma a sani aikinsu kwantar da datti ne, ba su wadatar ba, sai an bi da ɗaya daga cikin ukun can.

Randa ba zan ce ki fasa ta ba, ni ma ruwanta nake sha. A yi mata murfi, a samo moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. In da hali, bokiti mai murfi da kan famfo a gindi ya fi, don hannu ba ya shiga.

In ƙaramin bai kai wata shida ba, nono kaɗai, ko ɗigon ruwa kada a ba shi duk zafin nan. Ke za ki sha. In gudawa ta zo, a fara ruwan gishiri da sukari tun kashin farko. Na fakiti ya fi. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai kyau, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. In ido ya faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko ya ƙi kama nono, ko an ga jini, ko kashin ya koma fari tsululu irin ruwan wankin shinkafa, a bar komai a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Lissafinki kuwa na buga shi. Jarka shida mai lita 25 lita 150 ke nan, kowannenku bai kai lita 20 ba a wuni, alhali abin da masana lafiya ke cewa ya wadaci mutum lita 50 ne zuwa 100. A N150 kuna kashe N27,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi aka yanka shi N70,000 a 2024. Majalisar Ɗinkin Duniya cewa take bai kamata ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu ba. Ki nuna wa maigida wannan shafin, ki ce Baba yana gaishe shi.

Tambaya: Malam, a Ranar Ruwa ta Duniya na ji a rediyo wai mutum sama da biliyan biyu ba su da ruwan sha mai tsabta. A makaranta kuma an ce yawancin doron ƙasa ruwa ne. Ta yaya biyun za su zama gaskiya? Kuma mu da muke da Tiga da Challawa, me ya sa famfonmu ya zama wurin ɗaure akuya? *Ɗalibi, Ɗorayi*

Amsa: Ɗana, duka biyun gaskiya ne. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na teku ne, gishiri. Ɗan abin da ya rage yawancinsa ƙanƙara ce a daskare ko yana can ƙarƙashin ƙasa. Wanda ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da rijiyoyi kuma, wajen kashi 70 cikin 100 noma ke tafiya da shi. Duk da haka ba na son ka tafi da cewa ruwan sha ne ya ƙare a duniya. Abin da mutum ke sha da girki kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na gona.

Adadin da ka ji na Hukumar Lafiya ta Duniya ne da UNICEF: a ƙididdigarsu ta 2022, mutum biliyan 2.2, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Amma ka san ma'aunin da suka yi amfani da shi. Sharuɗɗa uku ne: ruwan ya kasance a cikin gidanka, ya kasance akwai shi lokacin da kake buƙata, kuma ba gurɓatacce ba. Ka auna layinku da wannan. Mutane in sun ji biliyan biyu sai su hango wata mata a hamada da tulu a ka. Tana ciki, amma da ni da kai da uwargidan Kurna da ta rubuto a sama, mu ma muna cikin lissafin. Hukumar Lafiyar ta ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara da gudawar da ke biyo bayan gurɓataccen ruwa da rashin bayi da rashin wanke hannu, kusan 400,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A gidajen da sai an fita ɗebo ruwa kuwa, bakwai cikin goma mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. A 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince ruwan sha haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, daga baya kuma aka sa 2030 a matsayin shekarar da kowa zai samu. Ka ƙirga abin da ya rage da kanka.

Ba kuma cutar baƙar fata ba ce. A 2018 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, duk da arzikinsa, ya kusa rufe famfunansa bayan fari na shekara uku, har aka ƙayyade wa kowa lita 50 a wuni. A 2019 madatsun Chennai a Indiya suka ƙafe, har a jirgin ƙasa aka riƙa kai wa birnin ruwa. A Flint ta Amurka, daga 2014, canjin kogin da ake ɗiba ya sa tsofaffin bututu suka riƙa sakin dalma cikin ruwan yara. Na Bangaladash ya fi ba ni tausayi: an haƙa miliyoyin rijiyoyin tuƙa-tuƙa don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo kwalara, aka kuwa yi nasara, sai daga baya aka gano da yawansu akwai gubar arsenik da ke cikin ƙasar tun asali. Kowane gari da kalar tasa masifar.

Tamu ta Kano ba ta rashin kogi ba ce. An fara ruwan famfo a garin nan tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga matatar Challawa, lokacin da mutanen birnin ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya ta yau ba. Gwamna Audu Bako ya gina Tiga, aka gama a 1974, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kodayake noman rani na su Kura da Kadawa aka fi nufa da ita. Madatsar Challawa ta Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Ga matatar Tamburawa a kan Kogin Kano, ga ta Watari a Ɓagwai. Ruwa dai akwai. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ka san abin da ake yi kafin ruwan kogi ya zama na famfo? A ja shi da manyan injuna, a sa alif laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ta cikin yashi, a sa kulorin, sannan a sake tura shi da wasu injunan zuwa manyan tankuna a tudu, irin na Goron Dutse, daga can ya gangaro gidaje. Kowane mataki wuta yake ci, in babu wuta dizal. Alif da kulorin saye ake yi. Bututun da aka binne tun kakanninku suna samari ya tsufa yana yoyo, an yi titi a kansa, wani an yi gini. Gari kuma ya tsallake ganuwa ya yi ta gudu, Rijiyar Zaki, Bachirawa, Sheka, Ɗanbare, unguwanni sun tsiro an gina gidaje kafin a kai bututu ko ɗaya. Mu ma da namu: wanda ruwa ya zo masa ba ya son biya saboda ba kullum yake zuwa ba, ba ya zuwa kullum kuma saboda kuɗin da ake tarawa bai isa dizal ba. An daɗe ana zagaya wannan da'irar.

Ra'ayina, kuma na san masu bohol ba za su so shi ba: babu babban birnin da ya taɓa fita daga wannan hali ta hanyar kowa ya haƙa nasa. Landan ta sha fama da kwalara. A 1854 likita John Snow ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya ya gano famfon titi guda ne ke kashe su, ya sa aka cire wa famfon hannun da ake tuƙawa. Abin da ya raba su da cutar daga baya manyan magudanan ƙazanta ne da tace ruwan gari gaba ɗaya. Kuma kada ka ce mu ba ma iyawa. A ƙarshen shekarun 1980 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kurkunu, sama da mutum 600,000 a shekara. Da ƙyallen tacewa da rijiyoyi da bin ƙauye-ƙauye, da sa bakin su Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter, a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Tambayi sa'anninka ko akwai wanda ya taɓa ganin kurkunu na fita daga ƙafar mutum. Ni na gani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifiyata ta rasu bara. Ina so in haƙa bohol a ƙofar gida sadaka gare ta. Me zan kiyaye? *Alhaji, Tudun Murtala*

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Alhaji, ka zaɓi abu mai asali. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Sayyadina Usmanu kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a.

Kafin mai injin haƙa ya shigo layi, a kira mai awon ƙasa. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana maƙale ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, shi ya sa wani zai samu a kusa, maƙwabcinsa ya nutsa ya tarar da ƙura. Sannan ka zagaya da ƙafarka ka ƙirga masai da sokawe, naka da na maƙwabta, har na bayan katanga. Ana son tazarar wajen mita 30. Na san a unguwa irin taku, inda fili ɗaya aka yanka shi gida uku, wannan tazarar sai an yi da gaske. In ba ta samu a ƙofar gidanka ba, ka kai shi filin masallaci ko makarantar unguwa, ladan ba ya raguwa don ba a jikin katangarka yake ba. Ka tsaya a kan mai haƙa ya zuba siminti ya toshe kewayen bututun daga sama zuwa 'yan mitoci, ya yi daɓe mai gangara. Nan suke cin kuɗin mutane, don aiki ne da ba a gani, kuma ta nan ruwan kwata ke silalewa ya sauka in damina ta zo.

In ruwa ya fito, kada a buɗe wa jama'a sai an kai shi ɗakin gwaji, a duba ƙwayoyin cuta, a duba sinadarai. Wanda ke kusa da Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ko bakin Jakara inda ruwan masana'antu da na jima ke bi, wannan wajibi ne a kansa, domin tafasawa tana kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire sinadari, sai ma ta ƙara masa kauri.

Sai abin da ya fi haƙawar wuya. Ka zaga garin nan ka ga tankuna nawa ne ke tsaye da sunan mamaci a jiki, famfunan a bushe, saboda injin ya ƙone an rasa mai gyara. In kuɗinka na haƙa ne kawai, ka rage girman tanki ka sa sola, ka ware na gyara, ka damƙa makulli a hannun mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su. Ko an sa ɗan abin da 'yan garuwa za su riƙa bayarwa don asusun gyara, bai ɓata sadakar ba. Kuma ka sani, in ka nutsa ƙasa kana ja da inji, rijiyoyin guga na kusa za su iya ja baya. Masu su ka fara sanar da su, su ne farkon masu haƙƙi a famfon.

Tambaya: Baba, fiya wata fa? Shi muke sha a shago. *Mai ɗinki, Fagge*

Amsa: Wani lafiya lau, wani ruwan rijiya ne aka ɗura a leda. Duba lambar NAFDAC da adireshin da za a iya zuwa a tarar da masana'anta, kodayake lamba ma ana satarta. Ka tsaya a kan kamfani ɗaya da ka sani. Kada ka sayi wanda ya wuni a rana yana ɗanɗanon roba. Abin da aka fi mantawa shi ne bayan ledar: ta kwana a ƙasa, ta yi iyo a ruwan ƙanƙarar da hannu ɗari ya shiga, kai kuma ka sa haƙori ka ɓula. A ɗauraye ta tukuna. Ledar kuma kada ta ƙare a kwata, don ita ce za ta dawo maka da ambaliya cikin shago a watan Agusta.

Tambaya: Famfonmu ya kawo ruwa bayan dogon lokaci. Da farko ja ne, daga baya ya washe amma yana warin bilic. Kakata ta hana a sha, ta ce magani aka zuba. *Amarya, Gwammaja*

Amsa: Amarya, ki gaida Iya, ki ce mata rabin maganarta gaskiya ne. Magani aka zuba, kuma wannan ɗan warin shi ne shaidar cewa kulorin ya iso gidanku da ransa. Ni in na ji shi hankalina kwanciya yake. In ya dame ta, a tara a bokiti mai tsabta a rufe da ƙyalle, zuwa wani lokaci warin zai tafi.

Na farkon shi ne abin tsoro, ba don jan kawai ba. Bututu in yana cike da ruwa mai ƙarfi, ta inda ya fashe waje yake fesawa. In ya zauna babu komai, ta wannan hudar yake zuƙo abin da ke kewaye da shi, kin kuwa san ƙananan bututun layukanmu ta cikin kwata suke bi. Masu sa inji suna zuƙo ruwa daga layi suna ƙara ta'azzara abin. Saboda haka duk ran da ruwa ya dawo, a bar na farko ya zuba a yi shara ko ban ruwan shuka da shi, sai ya washe a tara na sha. In babu warin kulorin ko kaɗan, a ɗauke shi kamar na garuwa a gyara shi. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma da damina abin ya fi ƙamari, lokacin da kwata da masai da rijiya ke haɗewa.

Tambaya: Malam, yarona ne ya rubuta min wannan. Ni ɗan garuwa ne. Kullum a rediyo mu ake zagi, wai mun tsauwala kuɗi, wai jarkokinmu datti. Ni saye nake a bohol, in babu wuta mai bohol ya ƙara kuɗi, in bi layi tun asuba, in tura kura mai jarka goma sha biyu har gwiwata ta kumbura, kurar ma haya ce. Ku faɗa wa mutane gaskiya. *Mai ruwa, Brigade*

Amsa: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Gaskiyar ita ce in kuka ajiye kura kwana uku, rabin garin nan ba za a ɗora tukunya ba. Jarka goma sha biyu mai lita 25 kilo 300 ke nan na ruwa kaɗai, ban sa nauyin ƙarfen kurar ba, mai zaginka ya gwada tura ta daga bakin titi zuwa lungu. Tsadar ba daga kai ta faro ba, daga dizal ta faro, kai ne dai fuskar da mai saye ke gani.

Amma maganar jarka ba zan goya maka baya ba, na faɗa a sama kuma ba zan janye ba. Wankinta ba ya cin kuɗi sosai. Ka zuba tsakuwa ƙanana da ruwan omo ka girgiza sosai, ka ɗauraye, sannan ka sa ruwa da ɗan bilic marar turare ka bar shi ya jima, ka zubar, ka sake ɗaurayewa, ka kife ta a rana. Ko ranar Juma'a kaɗai kake yi, kafin masallaci, ya rage. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi a fitar da ita daga kura gaba ɗaya. Murfi a nemo na gaske, ana sayar da su a kasuwa, a daina toshewa da leda ko tsumma. Kuma ranar da layi ya yi tsawo, kada Shaiɗan ya kai ka kududdufi ko fasasshen bututun bakin kwata ka ce ai na wanki ne, don ba ka san gidan da za a ba jariri ba.

In kuna da ƙungiya a tasharku, ku je wa mai bohol a tare ku ce ya wanke tankinsa ya ɗaga tiyo daga ƙasa, ku kuke kawo masa ciniki, zai ji. Gwiwar kuma kada ka yi ta shafa man zafi kana haɗiyar ƙwayoyin 'yan talla, wasu suna cin ƙoda, musamman ga mai aiki a rana yana zufa. Ka je asibitin unguwa a duba ta, ka rage jarka biyu a kowane sawu har kumburin ya saɓe.